Yadda Ake Haɗa Karatun Lissafi da Kimiyyar Kwamfuta a Jami'a

Ɗalibai da yawa da ke kammala sakandare a Jos suna cike kimiyyar kwamfuta a takardar JAMB saboda sun ji an ce a nan aiki yake, shi kuwa lissafi ba kasafai ake zaɓensa da son rai ba, sai dai a tura mutum can idan bai samu gurbin da ya nema ba. Wannan raba fannonin biyu da ake yi yana cutar da ɗalibai ƙwarai, domin manyan ayyukan da ake yi da kwamfuta a yau, tun daga hasashen yanayi da bin sawun yaɗuwar cuta har zuwa tsare kuɗin jama'a a banki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, duk a kan lissafi suke tsaye. Wanda ya haɗa ilimin kwamfuta da lissafin aikace, wato lissafin da ake warware matsalolin zahiri da shi, ya riƙe abin da ba ya saurin tsufa. Sai dai haɗin ba ya samuwa don kawai sunayen fannonin biyu sun fito a kan takardar digiri. Ɗalibi ne da kansa zai ɗaura su, ta hanyar gwada abin da ya koya a allo a kan kwamfuta, da kuma neman lissafin da ke ƙarƙashin kowace manhaja da ya rubuta. Abin da zan faɗa ya shafi 'yan mata da samari daidai wa daida.

Abu na farko shi ne kada sunan digiri ya ɗauke maka hankali, ka duba darussan da ke cikinsa. A wasu jami'o'in Nijeriya ana ba da digiri guda mai ɗauke da sunan lissafi da kwamfuta tare, a wasu ana kiransa lissafin masana'antu, a wasu kuma sassan biyu daban suke, sai ɗalibi ya zauna a ɗaya yana ɗaukar darussan zaɓi daga ɗayan. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin manhajar karatu mai suna CCMAS, wanda ya ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma tanadi cewa kashi 70 cikin 100 na darussa hukumar ce ke tsara su, sauran kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata. Saboda haka abin da yayanka ya karanta shekaru goma da suka wuce ba lallai ne ya zama abin da za ka tarar ba. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana koyar da lissafi da kimiyyar kwamfuta, haka ma Jami'ar Abuja da aka kafa a 1988. Mai zaune a Jos ba shi da uzuri a nan: ya taka zuwa sashen da kansa, ya gaida malamai cikin ladabi, ya nemi littafin jagorar ɗalibai, ya karanta jerin darussan daga aji ɗaya zuwa aji huɗu kafin ya yanke shawara. A ganina, idan dole sai an zaɓi sashe guda, wanda ke jin daɗin lissafi ya fi dacewa ya zauna a sashen lissafi ya koyi rubuta manhaja a gefe, domin mutum yana iya koyon rubuta manhaja shi kaɗai da kwamfutarsa, amma lissafi mai zurfi yana da wuyar koyo ba tare da malami ba.

Sharuɗɗan shiga sanannu ne. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Ingilishi da lissafi da fiziks, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A jarrabawar UTME ana zaunawa darussa huɗu a kan maki 400, Ingilishi wajibi ne, sai lissafi da fiziks, na huɗun kuma ya danganta da abin da jami'ar ta yarda da shi, don haka a duba kundin JAMB da ke intanet kafin a yi rajista, kada a dogara da abin da mai shagon cike takardu ya faɗa. Masu shaidar IJMB ko JUPEB ko difloma ko NCE suna iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Wanda har yanzu yake sakandare, idan makarantarsu tana koyar da darasin lissafi mai zurfi da ake yi daban a manyan azuzuwa uku, ya shiga ko da ba a tilasta masa ba, domin zai sauƙaƙa masa shekarar farko sosai.

A aji ɗaya kusan duk ɗaliban kimiyya tare suke karatu, cikin manyan ɗakuna da cunkoso, kuma yawancin abin da ake koyarwa ci gaba ne a kan na sakandare. Nan ne wasu ke sakin jiki, alhali nan ne maki ya fi sauƙin samu. Kowane darasi yana da nauyinsa, wato yunit, kuma ana ninka makin sakamako da wannan nauyi: A, wadda ke farawa daga 70, maki 5 ce, B maki 4, C maki 3, F kuma sifili. Darasi mai yunit 3 idan ka ci A ya ba ka 15, idan ka ci C ya ba ka 9, sannan a tara duka a raba da jimillar yunit. A jami'o'in da ke bin ma'aunin maki biyar, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, na biyu babba daga 3.50. Duk abin da ka tara a shekarar farko yana bin ka har ranar kammalawa, kuma darussan aji uku ba sa barin mutum ya cike giɓin da ya bari a baya cikin sauƙi.

A aji biyu ne karatun ke sauya fuska, kuma a nan ɗalibai da yawa da suka saba cin lissafi suke fara tangaɗi. A sakandare ana ba ka ƙa'ida ka yi aiki da ita ka fitar da amsa. A jami'a kuwa ana so ka kawo hujjar da ta tabbatar da cewa ƙa'idar gaskiya ce a kowane hali. Ɗauki misalin tara lambobi daga 1 zuwa 100. Mai koyon kwamfuta zai rubuta 'yan layuka da za su sa na'urar ta ɗauki lambobin ɗaya bayan ɗaya tana tarawa, ta ba shi 5050. Mai lissafi kuwa zai lura cewa 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma 101, haka har tagwaye 50, sai ya ninka 50 da 101 ya sami 5050 ɗin, daga nan ya fitar da ƙa'idar da ke aiki ga kowace lamba: a ninka lambar da wadda ke bin ta, a raba biyu. Idan lambobin biliyan ɗaya ne, hanyar farko tana buƙatar matakai biliyan ɗaya, ta biyu kuwa matakai uku kacal. Kwamfuta tana iya gwada ƙa'idar a kan lambobi miliyoyi ta ga ba ta karye ba, amma hujja ce kaɗai ke ba da tabbaci a kan dukkan lambobi, har waɗanda ba a taɓa gwadawa ba. Ɗalibin da ya yi wannan ƙaramin aiki ta hanyoyin biyu ya fahimci abin da darasin nazarin algoridim, wato jerin matakan da kwamfuta ke bi don warware matsala, zai shafe zango guda yana koya masa. Hanyar koyon hujja kuwa guda ce: ka karanta ta, ka rufe littafin, ka sake gina ta a kan farar takarda, kana tambayar kanka dalilin kowane layi. Haddar hujja ba tare da fahimta ba tana iya fitar da mutum daga jarrabawar gwaji, amma ba ta kai shi ƙarshen shekara.

Darasin da ya fi nuna haɗuwar fannonin biyu shi ne na dabarun kusantar amsa da lambobi, domin yawancin matsalolin zahiri ba su da amsa tsararriya da za a rubuta a layi guda. A ce ana neman lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 2. Dabarar Newton ta ce ka fara da kintace, ka raba 2 da shi, sannan ka ɗauki tsakiyar kintacen da abin da ka samu. Idan ka fara da 1 za ka sami 1.5, daga 1.5 ka sami 1.4167, daga nan 1.4142, wato cikin zagaye uku ka riga ka kama lambobi huɗu na bayan ɗigo. Ka yi wannan da biro tukuna, sannan ka rubuta shi a Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, ka sa na'urar ta tsaya idan bambancin zagaye biyu ya yi ƙanƙanta sosai. Daga nan ka buɗe Python ka tara 0.1 da 0.2. Amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004, ba 0.3 ba, saboda kwamfuta da sifili da ɗaya take adana lambobi, kuma 0.1 ba ya rubutuwa daidai a wannan tsari, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu tsarin na goma-goma. Irin wannan ɗan kuskure idan ya taru cikin lissafi mai matakai miliyoyi yana iya lalata sakamako gaba ɗaya, kuma wanda ya san lissafin da ke bayansa ne kaɗai zai gane inda matsalar ta fito.

Idan aka tambaye ni darasi guda da bai kamata a yi wasa da shi ba, zan ce aljabarar matiris, wato lissafin lambobin da aka jera layi-layi a tsaye da kwance. Hoton da ke cikin wayarka jerin lambobi ne irin wannan. Dabarar PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kanta a 1998 lissafin matiris ce da ke auna muhimmancin shafukan intanet gwargwadon waɗanda ke nuni zuwa gare su. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma yawancin aikin da suke yi ninka manyan matiris ne. A aji za a ba ka matsala mai abubuwa uku da ba a sani ba ka warware ta da dabarar Gauss, amma ya kamata ka san cewa aikin wannan dabara yana ƙaruwa da sauri fiye da girman matsalar: idan abubuwan da ake nema suka ninka sau biyu, aikin ya ninka kusan sau takwas. Wannan ne ya sa masu aiki da manyan bayanai suke neman wasu dabaru. Tare da shi ka riƙe kalkulas, wanda ke nazarin yadda abubuwa ke sauyawa, da lissafin yiwuwa da ƙididdiga, sai kuma dabarun tsara bayanai a cikin kwamfuta.

Domin ka ga yadda lissafin aikace ke taɓa rayuwar mutanen Filato, ga wata matsala da na ƙago lambobinta don misali kawai. Manomi a Bokkos yana da kadada 10, yana so ya raba ta tsakanin dankalin Turawa da kabeji. A ce kadada guda ta dankali tana cin kwanakin aikin leburori 30 ta ba da ribar naira 500,000, ta kabeji kuma tana cin kwana 20 ta ba da 400,000, shi kuwa kuɗinsa na kwanakin aiki 240 ne kawai. Idan ya shuka dankali zalla, kadada 8 zai iya nomawa, ribarsa miliyan 4. Idan kabeji zalla ne zai cika kadada 10, ribar dai miliyan 4. Amma idan ya ba dankali kadada 4, kabeji 6, ya cinye filin duka da kwanakin aikin duka, ribar ta zama miliyan 4.4. Da amfanin gona iri biyu ana iya gano wannan da zane a takarda, amma idan iri ashirin ne ga kuma iyakar taki da ruwa da kuɗin mota zuwa kasuwar Farin Gada, sai an koma ga dabarar simfileks da George Dantzig ya fitar a 1947, wadda kamfanonin jiragen sama da matatun mai suke tsara ayyukansu da irinta. Duk lokacin da aka koya maka wata dabara, ka nemo mata matsala irin wannan daga unguwarku ko sana'ar gidanku, domin abin da ka warware da kanka ba ya fita daga kai.

Game da kayan aiki, ba sai ka mallaki kwamfuta mai tsada ba. Ta hannu ma ta wadatar idan tana da ma'adanar aiki ta gigabait 8, kuma a halin da wutar lantarki take ciki lafiyar batirinta ta fi kyan jikinta muhimmanci, don haka ka gwada tsawon lokacin da take riƙe caji kafin ka biya. Ka fara da Python, domin kyauta ne kuma yana da kayan lissafi irin su NumPy, amma kada ka tsaya a kansa; ka koyi harshen C ko Java don ka san yadda na'urar ke sarrafa ma'adanarta. Idan malami ya ba da aiki da manhajar lissafi ta MATLAB kuma ba ka da lasisinsa, Octave kyauta ne kuma yana karɓar yawancin umarninsa. Ka koyi Git tun da wuri don adana ayyukanka, da LaTeX don rubuta lissafi cikin tsafta. Jami'ar MIT ta Amurka ta sa darussanta da yawa kyauta a intanet, ana iya sauke su lokacin da data ta yi arha a kalla daga baya. Wanda bai samu kwamfuta ba tukuna kada ya zauna jira: ya rubuta matakan manhajarsa a takarda, ya bi su layi-layi da biro, ya gwada a ɗakin kwamfutar sashe ko a ta abokinsa.

Manhajojin da ke amsa tambaya suna iya rubuta maka aikin gida cikin daƙiƙu, kuma wannan jarrabawa ce babba ga ɗalibin yau. Ka yi amfani da su wajen neman ƙarin bayani bayan ka yi naka ƙoƙarin, amma ka sani suna yin kuskure a lissafi da cikakken ƙarfin gwiwa, kuma a ɗakin jarrabawa ko gaban masu ɗaukar aiki kai kaɗai za ka tsaya. Abin da ya fi su amfani shi ne ƙungiyar mutum uku ko huɗu masu himma da za ku riƙa haɗuwa kuna warware tambayoyin shekarun baya, kowa ya tashi ya yi wa sauran bayani a allo. Idan wani abu ya shige maka duhu ka tambayi malami a makon da aka koyar da shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin darussan lissafi a kan juna suke hawa, abin da ka bari a mako na uku zai tare maka hanya a mako na tara. Haka kuma idan karatu ya tsaya, kamar yadda yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayya daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, wannan fanni yana cikin 'yan kaɗan da mutum zai iya ci gaba da su a ɗakinsa.

Wajen aji uku ake fita horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ke kula da shi, kuma hedikwatar asusun a nan Jos take, a kan titin Miango. Kada ka karɓi wurin da za a zaunar da kai kana buga takardu kawai don ya fi kusa da gida. Ka fara nema da wuri, ka nufi inda ake aiki da bayanai na gaske: bankuna, kamfanonin sadarwa, kamfanonin rubuta manhaja, ko hukumomin da ke Abuja irin su Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hukumar hasashen yanayi ta NiMet, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA. Ka tafi da wani ƙaramin aiki da ka yi da hannunka wanda za ka iya nunawa, domin ya fi doguwar wasiƙa tasiri. Littafin da ake ba ka na rubuta ayyukan kullum kuwa ka cike shi a kan kari da abin da ka yi da gaske, sau da yawa daga cikinsa batun binciken kammalawa ke fitowa.

Binciken kammalawa na aji huɗu ya fi kyau ya zama ƙarami, mai iyaka, wanda ke da lissafi a ciki da manhaja mai aiki da kuma bayanan da ka tattara ko ka san asalinsu. Kana iya bin farashin tumatir da dankali a kasuwa mako-mako ka gina ma'aunin hasashe, ka kuma faɗi gaskiya a kan inda ya gaza. Kana iya zana hanyoyin da ke tsakanin Terminus da Bukuru ka yi amfani da dabarar Dijkstra ta 1959 wajen gano mafi gajarta, sannan ka sauya ma'aunin daga nisa zuwa lokaci ka ga yadda cunkoson yamma ke canza amsar. Kana iya ɗaukar tsarin da Kermack da McKendrick suka gabatar a 1927, wanda ke raba jama'a kashi uku, masu iya kamuwa da masu cutar da waɗanda suka warke, ka gwada yadda rigakafi ke rage yaɗuwar cuta. Ka zaɓi batu tare da malamin da zai duba aikin, ka riƙa kai masa abin da ka rubuta babi-babi, kada ka ɓace masa sai ana saura mako biyu.

Mai son ci gaba bayan digiri na farko da hidimar ƙasa yana da ƙofofi kusa da gida. A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, AUST, da ke Galadimawa, wadda aka kafa a 2007 kuma take ba da manyan digirori a lissafi da kimiyyar kwamfuta, akwai kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali, wadda ke shirya tarukan horo da gasar lissafi. A wajen ƙasa akwai cibiyar AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Sanagal da Gana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban da ta zaɓa don digiri na biyu. Irin waɗannan wurare suna neman cikakkiyar takardar sakamakon darussa da wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku, kuma fitar da takardar sakamako daga jami'a yana ɗaukar lokaci, saboda haka ka nemi taka da zarar an amince da sakamakonku. Wasiƙar shaida kuwa malamin da ya san aikinka ne ke iya rubuta mai ƙarfi, don haka tun daga aji biyu ka kasance mai zuwa ofis da tambaya, sannan idan lokaci ya yi ka ba shi aƙalla wata guda tare da kwafin sakamakonka da taƙaitaccen bayanin abin da kake son karantawa.